Shekarar da Delbert Ya Sayar da Sunana

Wa ya aiko ku da wannan tambayar? Ke Rhonda, bakinki ne ya motsa, amma na san Tilden ne ya zuga ki. An ba ku wake da burodin masara kun share, maimakon ku wanke kwanuka sai ku zo kuna tono abin da manya suka binne. A zamaninmu yaro ya tambayi dalilin da ya sa matan coci ke dariya in kawunsa ya wuce, da a tsaye zai ci abincin gobe. To tunda kun tambaya, ku jawo wancan kwandon ku riƙa ɓare wake. Ba na ba wa mai hannu a zaune labari.

Kawunku Delbert autana ne, kuma tun yana rarrafe bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya yi kiwon tsutsar kamun kifi, tsutsa ta gudu ta bar shi. Ya sayi tsohuwar motar sayar da askirim ana saura kwana kaɗan ƙanƙara ta sauka. Kowace sana'a sai ya fara sanar da gari cewa ya yi arziki, sannan ya fara ta.

A waccan shekarar yana aiki a shagon taya na bakin titi, aiki mai kyau wanda ake biya a kan lokaci. Ran nan da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce yana ƙarƙashin motar wani, sai ga shi a kicin ɗina. Ya ture min kwanon gari ya ɗora kwamfuta a tebur.

Ya ce, "Mama, ki kalle ni da kyau. Daga yau ba za ki sake ganin baƙin mai a farcena ba."

Na ce, "An kore ka ke nan."

"Ni na kore su. Shafi zan buɗe a intanet. Mutane su zo karatu, kamfanoni su liƙa tallarsu a gefe. Duk wanda ya latsa talla, 'yan senti su faɗo aljihuna. In kuma na yaba wani kaya, mutum ya bi ta shafina ya saya, a ba ni la'ada. Ina barci, kuɗi na shigowa."

"Wato dillali."

"Haba Mama, sunan abin ya fi haka girma."

"Dillalin da na sani sai ya buɗe bakin doki ya duba haƙora kafin ya yaba. Kai me za ka duba?"

Ya ce, "Hoto."

Na ce ya ɗauke min kayansa daga kan gari.

Shafinsa na farko a kan kamun kifi ne, shi da kifi ɗaya tak da ya taɓa kawowa gida a kanti ya saye shi. Masu shiga shafin kuwa shi ne, da matarsa Glenna baiwar Allah, da wani mutum daga ƙasa mai nisa da ya yi ɓatan kai. Sai ya dawo zaman barandata yana cin abincina, yana lura da matan da ke zuwa wurina.

Kun san a kwarin nan abin da mace ta dafa ta rufe a kwalba da rani, shi iyalinta ke ci in ƙanƙara ta toshe hanya. Kwalbar da ba ta rufu da kyau ba kuwa, ba ciwon ciki kawai take kawowa ba, kabari take kai mutum. Ni ban wuce aji uku ba, jarida ma sai manyan haruffa nake iya haɗawa. Amma in ni Verlie Sizemore na duba kwalba na ce a ci, uwa za ta ba jaririnta ba tare da ta shinshina ba. Ba ni da gona mai faɗi, ba ni da komai a banki. Maganata ita ce dukiyata, kuma ban taɓa yaba abin da hannuna bai gwada ba.

Wata safiya ina kan murhu na ji ya ce, "Mama, ɗan juyo." Na juyo da ludayi a hannu da niyyar maka masa, sai na ji ƙyas. Wannan hoton ya liƙa a sabon shafinsa, ya sa masa suna Kicin ɗin Kaka Verlie. Ni ban sani ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ina baya ina wanke tukwane, ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙi jama'a duk mai ƙaunarsa ya shiga shafin ya latsa talla. Kun dai san mutanenmu. In rumbun wani ya ƙone, gari ke tashi a gina masa sabo. To sai suka ɗauki zancen Delbert tamkar gobara. Ozella Combs, shugabar matan coci, ta raba wa mata layi: waɗansu su latsa da safe a wayoyinsu, waɗansu su je ɗakin karatu na gari su tare kwamfutoci da rana. Tsoho Burl Tackett ya latsa har yatsansa ya kumbura, ya ce ko tsinkar taba ba ta ba shi wahala haka ba. Kowa kuma ya ɗauka da sanina ake yi.

Ashe abin da ke zaɓar tallar yana da wayo irin na ɗan kasuwa. Yana lura da masu shigowa ya sa musu tallar da ta dace da su. Ya duba ya ga tsofaffi zalla. Sai ya fara jera haƙoran roba, da maganin basir, da akwatin gawa a farashi mai rahusa, duk a gefen fuskata.

Ni dai na ga an fara sallama da kwanuka a rufe. Wannan ta kawo kaza, waccan ta kawo dankali, kowa na magana ƙasa-ƙasa. A wurinmu ba a kiran sunan ciwo a gaban mai shi, abinci ake kawowa a yi shiru. Sai ga Ozella da wani matashin zama mai rami a tsakiya.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Verlie 'yar'uwa, ba sai kin ce komai ba."

"Ban yi niyyar cewa komai ba. Wannan taya ce ko matashi?"

"Marigayi mijina ya ji daɗinsa ƙwarai. Ki zauna a kai, a hankali."

"Ozella, ni da zama ba mu taɓa ɓatawa ba."

Ta girgiza kai ta ce, "Haka shi ma ya riƙa cewa."

Tana fita Fasto Hobart ya shigo da hula a hannu. Ya zauna a bakin kujera ya tambaye ni wace waƙa na fi so a rera.

Na ce, "A rera yaushe?"

"In lokaci ya yi, Mama Verlie."

"Lokacin me?"

Ya kalli rufin ɗaki ya ce mai ruwan hodan nan bai yi laifi ba, amma kada in yi gaggawar biya, akwai wani a gari da ke sassaƙa mai ƙwari.

Wanda ya ƙure ni shi ne Burl. Ya tsaya a bakin shinge yana sosa ƙeya, ya ce tunda dai abin ya zo da haka, nawa zan bar masa kajina kafin dangi su raba.

Na tafi kai tsaye gidan Delbert, na tare Glenna a igiyar shanya na ce ta gaya min abin da ke faruwa ko in zauna a nan har kayan su bushe su sake jiƙewa. Ta ciro waya ta nuna min. Ga ni nan da ludayi, fuska a murtuke. A ƙasana akwatin gawa mai shimfiɗa ruwan hoda. A gefena wani mutum ya dafe bayansa yana murmushi.

Kawunku yana kwance a doguwar kujera da rana tsaka, wai yana kan aiki.

"Mama, ba ni na zaɓi tallar ba, na'ura ce."

"Na'urar ce na yi wa naƙuda ko kai?"

"Ki duba yawan masu shigowa dai. Kin zama tauraruwa."

"Na zama gawa mai basir. Ka sauke ni daga nan, ni da sunana, yau ɗin nan."

Ya ɗora hannu a ƙirji ya rantse. Ko makon bai fita ba kamfanin tallar ya huce min haushi. Suka ga duk latsawar daga kwari ɗaya take fitowa, kuma ba wanda ya sayi ko haƙori guda. Suka rufe shi, suka ce ba za su biya shi ko senti ba, kuma kada ya sake dosar su har abada. Da yamma yana shagon aski yana cewa, "Tsorona suka ji. Na yi musu girma da wuri."

A nan na ɗauka an gama. Sai ke Rhonda kika zo duniya kafin lokacinki, kika tayar wa kowa hankali kamar yadda kike yi har yau. Na hau bas zuwa Ohio wurin uwarki daidai lokacin da tumatir ke nuna, na zauna can har kika yi ƙwari.

A shekarar murfin kwalba ya yi wuya, ko'ina ka je babu. Mata suna zaune da tumatir kwando-kwando yana neman ruɓewa. Kawunku bai sauke shafin ba, don ya san ba ni da yadda zan duba. Ya lalubo wani kamfani da ba wanda ya taɓa jin sunansa, mai murafu masu arha da la'ada mai tsoka. Ya zauna ya rubuta da bakina: wai ni Kaka Verlie, waɗannan murafu nake amfani da su tun ina budurwa. Kamfanin da Tilden ma ya girme shi.

Mata suka saya kwali-kwali. Har Glenna ta saya, don ya ce mata ya kira ni na amince. La'adar ba ta ma shigo hannunsa ba, ana nuna masa ita ne a kwamfuta ana cewa ya jira, amma ya je ya ɗauko kwat mai ruwan madara bashi. Ya sa aka rubuta a ƙofar motarsa: TAMBAYE NI YADDA AKE ARZIKI A KWANCE. Burl ya ce shi ya san hanya ɗaya, amma sai an yi wa mutum jana'iza magada su ci.

Na dawo ranar walimar kaka ta coci. Daga tashar bas Glenna ta wuce da ni zauren. Kun san yadda ake yi: kowace mace ta jera kwalabenta mafi kyau a dogon tebur, ni kuma in bi su da cokali ina ƙwanƙwasa murafu kafin a buɗe ko ɗaya. Murfin kirki a lotse yake a tsakiya, in ka buga ya yi ƙara siririya kamar ƙararrawa. Ranar sanyi ya sauka, an hura murhu ya yi ja, teburin kuma yana dab da shi.

Delbert ya riga ya roƙi Fasto 'yan mintuna. Ga shi can a bakin teburin da kwat ɗinsa, ya tara maza yana bayani.

"Kakanninmu sun shiga ramin haƙar kwal, iyayenmu sun yi noman taba. Ni kuwa, 'yan'uwa, yatsa ɗaya nake motsawa."

Na buga kwalbar farko. Ta ce dum. Na buga ta biyu, dum. Na sunkuya na duba, murafun sun kumburo kamar maƙogwaron kwaɗo, ruwan ciki yana 'yan tsirtar kumfa.

Na ce, "Ozella, ina kika samo waɗannan murafun?"

"Naki ne mana."

"Nawa kamar yaya?"

Kafin ta amsa, kawunku ya miƙo hannu ya ɗauki babbar kwalbar tumatir ɗinta ya ɗaga sama.

"Ga shaida a hannu. Kowace kwalba a teburin nan ta biya ni. Murfin nan da kuke gani, ko daga kan dutse aka jefo shi ba zai motsa ba."

Na ce, "Delbert, ajiye."

"Mama, bari in nuna musu."

Ya girgiza ta sosai, ya kai wa murfin mari da tafin hannu.

Murfin ya tashi ya bugi fitila. Tumatir ya bi bayansa, ya dawo ya sauka a kan kawunku daga gashi har takalmi. Kamar jira sauran suke yi, na kusa da murhu suka ɗauka: fau, fau, fau, wake a nan, masara a can. Burl ya faɗa ƙarƙashin tebur yana tambayar wa ya buɗe farautar barewa a cikin coci. Warin kuwa, karen Fasto da bai taɓa ƙin komai ba ya tashi ya fita waje.

Delbert ya share ido ya ce, "Wannan zafin murhu ne. Ko'ina a duniya ana samun..." Wata kwalbar gwoza ta ƙarasa masa maganar a ƙirji.

Na buga cokali a tebur na ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Na tambayi mata ɗaya bayan ɗaya ko akwai gidan da ya buɗe kwalbar bana. Allah Ya rufa asiri, har lokacin ana cin na lambu, ba wanda ya taɓa. Ozella ta ce ita gobe ta yi niyyar buɗe wa jikarta tuffa.

Ta kalle ni, wake na gangarowa daga hularta, ta ce, "Ke kika ce, Verlie. Shi ya sa ban ko duba ba."

"Ban ce ba."

"Da sunanki aka rubuta."

Matan da na koya wa rufe kwalba tun suna amare suka tsaya suna kallona, aikin raninsu duk yana bin bango. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ni na yi ba.

Na juya na ce, "Kai, mutum nawa suka saya?"

Ku ji fa, a jiƙe sharkaf, sai da ƙirjinsa ya ɗan taso. "Mama, ai ba kwarin nan kaɗai ba. Har Texas, har Kanada."

Matan da ban sani ba, da 'ya'yan da ban taɓa gani ba, suna can da guba a kanta suna jiran sanyi, don wata tsohuwa mai ludayi ta ce a ci.

Na ce, "Glenna, ɗaga wayar nan ki ɗauke ni, ki sa a shafinsa."

Delbert ya ce, "Bari in ɗan canza kaya."

Na kama kunnensa na jawo shi gefena. Na kalli wayar na ce, "Ni ce Verlie Sizemore. Wannan karo da bakina nake magana. Murafun nan ban taɓa ganinsu ba sai yau. Duk kwalbar da kuka rufe da su, kada ku ɗanɗana, kada ku ba kare, ku haƙa rami ku binne. Wannan jan abin da kuke gani ɗana ne, shi ya rubuta ƙarya da sunana. Faɗa musu."

"Jama'a, an ɗan samu kuskuren..."

Na murɗa.

"Ni na rubuta. Ban taɓa rufe kwalba ba a rayuwata."

Washegari na buɗe ɗakin ajiyata na ƙasa. Ni kullum da abincin shekara biyu nake zama. Na raba shi gida-gida, kawunku ya yi dako a motar nan mai rubutu a ƙofa, yana sauke kwali mata suna tambayarsa ko yau ma a kwance yake arzikin. Sauran murafun kowa ta mayar, la'adar da ake nuna masa ta narke tun bai taɓa ta ba. Mu duka muka ci sanyin shekarar da ɗan abin da ya samu, ba wanda ya mutu. Da bazara Ozella ta hau barandata da kwalba, ta ajiye a gabana. Na duba na ce a ci. Ta ɗauka ta tafi.

Shi kuwa hoton da Glenna ta ɗauka, ya bi duniya. Ta ce waɗanda suka kalla sun fi mutanen jihar nan yawa. Shi ne abu ɗaya da kawunku ya taɓa sawa a shafi mutane suka yi tururuwa a kai, ga shi babu talla ko ɗaya a gefe tunda an kore shi. Ya zauna a matakalata ya yi kuka da hawaye, ba don kunya ba, wai da akwai talla da yanzu ya sayi kwarin nan da duwatsunsa.

Da ya gama ya share hanci ya matso. Ya ce, "Mama, yanzu fa sunanki ya fi da tsada. Akwai wani kamfanin cokula da ke son ki ɗan ce..."

Cokalina yana aljihun riga. Na ciro na ƙwanƙwasa tsakiyar kansa, na kasa kunne. Ya ce dum.

Ranar Litinin ya koma shagon taya.

To kun ji. Tilden, waken nan rabinsa a ƙasa ka zubar, gobe da safe ka tsince shi tas. Ku wanke ƙafa, ku kashe fitila, ku wuce ku kwanta. Wanda na sake jin muryarsa shi zai share ɗakin kaji.